Yadda ake kafa DVR na kamara a haɗa shi da intanet ɗin gida har a gani a waya

Wani ɗan kasuwa mai sayar da shinkafa da mai da sukari a Yelwa, nan Garwa, ya kira ni da sassafe a tsakiyar damina. An fasa masa shago da dare ta bayan gini, an kwashe kuɗin ciniki da katan-katan na kaya. Ya ce, "Malam, zo ka ciro mini hoton, ai kamara huɗu gare ni." Na je na tarar da talabijin a kunne, kamarorin huɗu suna nuna hoto tangaran. Da na shiga wajen duba abin da aka naɗa, sai na ga wayam. Faifan da ke cikin akwatin DVR, mai ajiye hoton kamarorin, ba a taɓa shirya shi ba tun ranar da aka sa shi, kuma ƙarar gargaɗin da na'urar ke yi a kan haka an kashe ta don tana damun yaran shago. Wata bakwai Alhaji yana kallon shagonsa a allo, yana tafiya gida da kwanciyar hankali, ba a ajiye ko minti ɗaya ba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "To ni me na saya ke nan?"

Tun daga ranar ba na cewa na gama aiki don hoto ya fito a talabijin. Aikin DVR yana ƙarewa ne idan mai gida ya ciro bidiyon jiya da hannunsa ya sa a kile USB, wato filashi, ya kuma fita waje ya ga ƙofar gidansa a wayarsa. Ga yadda ake kaiwa can, daki-daki.

Da farko, san abin da kake saya

DVR akwati ne da ke karɓar hoto mai motsi ya matse shi ya ajiye a faifai. Asalinsa ma na talabijin ne: a 1999 kamfanonin TiVo da ReplayTV suka fito da shi a Amurka don mutane su naɗi shirye-shirye su kalla daga baya. Irin wannan aikin ne dikodar tauraron ɗan Adam mai kafar USB ke yi mana idan muka soka mata faifai muka naɗi wasan ƙwallo. Amma a kasuwanninmu na Garwa da Marwa da Ngaundere da Njamena, in ka ce DVR, akwatin kamarar tsaro ake nufi, kuma a kansa zan tsaya.

Iri biyu za ka tarar. Akwai DVR na ainihi, wanda kowace kamara ke zuwa masa da kebul mai zagaye irin na eriya, mai kan ƙarfe da ake murzawa ya kama, wato BNC. Akwai kuma NVR, wanda kamarorinsa ke tafiya a kan kebul ɗin intanet mai kan RJ45, galibi kebul ɗaya ya ɗauki hoto ya kuma kai wa kamara wuta. NVR ya fi tsada, hotonsa ya fi kaifi, jan kebul ɗinsa ya fi tsabta. DVR ya fi sauƙin kuɗi, kayan gyaransa kuma sun fi samuwa a wurinmu. Ga shago ko gida mai ƙofa biyu ko uku, DVR ya wadatar.

Mafi yawan abin da ke shigowa daga Duwala ko ta Mubi da Yola na kamfanoni biyu ne na birnin Hangzhou a Sin, Hikvision da Dahua, sai tarin marasa suna masu aiki da manhajar XMEye. Wajen aika hoto ta kebul, kamarorin Hikvision na amfani da tsarin TVI, na Dahua CVI, sauran kuma AHD. Nemi akwatin da aka rubuta yana karɓar dukkansu, don kada ranar da kamara ɗaya ta mutu ka rasa madadi. Kafofin kamara suna zuwa 4, 8 ko 16. In kamara huɗu kake bukata yau, sayi mai takwas, domin ban taɓa ganin wanda ya sa huɗu bai dawo neman ta biyar ba. Ka tabbata an rubuta H.265 a jikin kwalin, wato tsarin matse bidiyo da ya fi tsohon H.264 tanadin faifai, ka juya bayan akwatin ka ga kafar LAN ta kebul ɗin intanet, da HDMI ta allo, da USB aƙalla biyu. Marasa suna kuwa ina ba da shawarar a bar su. Arha ba ta ado, kuma a nan ba ado kaɗai ake rasawa ba, har da tsaron gidan.

Faifai da lissafin kwanaki

Yawancin DVR ana sayar da su babu faifai a ciki. Mutane da dama ba su san haka ba. Ana buɗe murfin, a ɗaure faifai mai inci 3.5 da kusoshi huɗu, a soka masa igiyoyi biyu, ta bayanai da ta wuta. Kada a yi wannan na'ura tana kunne.

Faifan kwamfuta na yau da kullum an yi shi ne don ya yi aiki ya huta. Na kamara rubutu yake yi dare da rana babu tsayawa, shi ya sa ake yin nasa daban, kamar WD Purple da Seagate SkyHawk. Ka kuma yi hattara da tsohon faifai da aka goge aka manna masa sabuwar takarda. Bayan ka kunna, a sashen faifai akwai shafin S.M.A.R.T. da ke nuna awoyin da ya yi yana aiki. Sabo bai kamata ya nuna dubban awoyi ba.

Lissafin kwanaki ba wuya. Kamara mai 1080p a kan H.264 takan ci kamar megabit 2 a daƙiƙa. Raba da 8, ya zama rubu'in megabait a daƙiƙa. Ninka da daƙiƙa 86,400 na yini da kwana, ka sami kusan gigabait 21.6. Kamara huɗu ke nan gigabait 86 da ɗoriya a kullum, don haka faifai mai terabait 1 zai riƙe kwana 11. Da H.265 ana iya rage cin zuwa kusan rabi, kwanakin su haura 20. Sai ka tambayi kanka: in wani abu ya ɓace a sito, bayan kwana nawa nake ganewa? Mai shagon da ke ƙidayar kaya ƙarshen wata, kwana 11 ba su ishe shi ba, ya sa terabait 2 ko fiye.

Inda za a ajiye shi, da maganar wuta

Kada ka ɗora DVR a kan kanta kusa da talabijin inda kowa ke gani. Ɓarawon da ya san kamara, akwatin yake fara nema, in ya ɗauke shi ya tafi da shaidar duka. Sa shi a ɗakin ciki, ko a akwatin ƙarfe mai makulli da ramukan iska, a ja kebul na HDMI zuwa allo. Amma kar a ɓoye shi a saman silin ƙarƙashin kwano. Zafin Garwa da Kusseri a watan Maris da Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuwa tanderu ne, kuma faifai ne ke fara mutuwa. Lokacin hunturu ƙura na toshe ramukan iska. Na sha buɗe akwati in tarar da ƙura ta yi kauri kamar auduga a kan allon ciki, wani lokaci har da busasshiyar tsaka. Sau biyu a shekara a kashe, a buɗe, a hure.

Wuta ita ce babbar jarrabawarmu. Ɗaukewa da dawowa ba zato yana lalata faifai, kuma ɓarawo ya fi son daren da unguwa ta yi duhu. Don haka DVR da kamarori da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, duk su hau kan abin riƙe wuta guda. Ƙaramin ondula irin na kwamfuta mintuna kawai yake bayarwa, ya isa kare faifai amma bai isa kwana ba. Abin da ya fi shi ne batir da sola. Kayan nan kusan duka volt 12 suke ci. In ka haɗa akwati da faifai da kamara huɗu da rauta, ka ƙiyasta wat 40 zuwa 45 da dare, amma duba takardar kowanne ka tara naka. Batir mai volt 12 da Ah 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, rabinsa ake ci in ana so ya daɗe, wato 600, wanda zai kai ka awa 13 zuwa 15. Kada ka jona DVR kai tsaye a bakin batir, don lokacin caji ƙarfin yana haura volt 14; sa abin daidaita volt 12 a tsakani, ko ka bi ta inbata.

Kebul ɗin kamara ya zama RG59 na jan ƙarfe zalla. Akwai na alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare silin tsakiya da wuƙa, in cikinsa ya fito fari, ajiye shi. Alamar mugun kebul ko siririyar igiyar wuta sananniya ce: kamara ta yi aiki lafiya da rana, da magariba ta yi, fitilunta na ganin dare suka kunnu, sai hoto ya fara rawa ko ya ɗauke. Wutar ce ba ta isa can ƙarshe. A naɗe mahaɗin BNC na waje a cikin ƙaramin akwatin roba saboda ruwan sama, kada kuma a ja kebul a sarari daga gini zuwa gini ba tare da abin kare tsawa ba.

Kunnawar farko

Jona allo da linzamin kwamfuta, wato maus, ka kunna. Harshen na'urar galibi Faransanci ko Ingilishi ne, zaɓi wanda mai gida ke karantawa, ba wanda mai kafawa ya fi so ba.

Abu na farko da za ta nema kalmar sirri ce. Kada ka sa 12345, ko lambar wayarka, ko sunan shago. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Oktoba na 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban DVR da kamarori a duniya, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, aka yi amfani da su aka kai wa kamfanin Dyn, mai hidimar adireshin shafukan intanet, hari, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa a sassan Amurka. Masu na'urorin ba su ma san da su aka yi ba. Haɗa haruffa manya da ƙanana da lambobi, aƙalla takwas, mai gida ya rubuta da hannunsa a littafin da yake ajiye takardun gida. Cika tambayoyin maido da kalmar sirri ko adireshin imel, na mai gida. Yaron shago ko maigadi a buɗe masa nasa asusun dabam mai ikon kallo kawai, ban da gogewa, ban da kashewa.

Sai agogo. Kamaru da Chadi duk suna kan GMT+1, babu canjin lokacin bazara, don haka a kashe DST. Tsarin hoto a bar shi a PAL, tunda wutarmu mai hertz 50 ce, in ba haka ba hoto yakan yi ƙyafta-ƙyafta ƙarƙashin fitila. Bidiyon da kwanan watansa ba daidai ba ne yana raunana maganarka a gaban jandarma ko alƙali. In agogon na komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, ƙaramin batir mai kamar kwabo da ke kan allon ciki ne ya mutu, a canza shi.

Daga nan shiga sashen faifai, wanda a Faransanci ake rubuta Disque dur ko Stockage, ka zaɓi faifan ka danna Initialiser ko Formater. Wannan shi ne matakin da aka tsallake wa Alhaji. Jira har yanayinsa ya nuna Normal. Kunna Écraser, don in faifai ya cika sabon naɗi ya hau kan mafi tsufa maimakon ya tsaya. Koma allon kallo ka ga jar alama a kusurwar kowace kamara.

Hanyoyin haɗa shi da rauta

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka zan ɗan daɗe. Ka fara riƙe wannan: DVR ba ya bukatar intanet don ya naɗa. Ko rezo ya ɗauke mako guda, yana ajiye bidiyonsa. Intanet don kallo daga nesa ne da saƙon faɗakarwa. Kuma in wayarka na kan wifi ɗin gida ɗaya da akwatin, kana iya kallo ko babu data a layin, matuƙar ka shigar da na'urar a manhaja ta adireshinta na cikin gida.

Hanya mafi inganci ita ce kebul daga kafar LAN ta DVR zuwa ɗaya daga kafofin LAN na rauta, wadda a nan muka fi kira modem. Cat5e ko Cat6, tsawonsa kada ya wuce mita 100. In da kanka za ka matse kan, jera silin takwas haka daga hagu, ƙarfen kan yana kallonka: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Duka bakin biyu iri ɗaya. Da ka soka, ƙananan fitilu biyu a bakin kafar za su kama, ɗaya na ƙyaftawa. In ba su kama ba, kada ka ɓata lokaci a cikin saiti, galibi matsalar a kebul take.

Gida mai layin Camtel na fiba ya huta, rautarsa na da kafofi. Akasarinmu kuwa da layin waya muke aiki, MTN ko Orange ko Blue a Kamaru, Airtel ko Moov Africa a Chadi. A nan ka lura: ƙaramin modem na aljihu mai batir ba shi da kafar LAN, yawancin DVR kuma ba su da wifi, don haka ba za su gaisa ba. Nemi rautar 4G ta tebur, mai ramin SIM da kafar LAN. Kafin ka zaɓi layi, tsaya a daidai inda rautar za ta zauna ka gwada ƙarfin tura bayanai, ba na saukewa ba, domin DVR turawa yake yi. Layin da ke buɗe bidiyo da sauri yana iya zama mai rauni wajen turawa, musamman da yamma in mutane sun yi yawa a kan eriya.

In rauta tana falo, akwatin yana ɗakin baya, kuma ba halin huda bango, sayi ƙaramar rauta ta biyu ko abin ƙara zangon wifi mai kafar LAN, ka sa shi a yanayin Client ko Pont. Zai kama wifi ɗin gida ya miƙa wa DVR ta gajeren kebul. Yana aiki, amma katangar bulo biyu ko uku da ƙofar ƙarfe suna cinye sigina, sai hoto ya riƙa tsinkewa.

Akwai kuma na'urori biyu da ake sokawa a soket su aika bayanai ta igiyar wutar gida, waɗanda Faransawa ke kira CPL. Ni ban cika ba da shawararsu a nan ba. Gidajenmu da yawa ɗaki ɗaya na kan wutar gari, wani na kan inbata ko janareta, igiyoyin kuma an yi ta ƙari a kansu. Da an juya wuta sai haɗin ya yanke.

Ga wanda shagonsa ko sitonsa ko garkensa ke nesa da gida da 'yan ɗaruruwan mita ko fiye, akwai eriya biyu masu kallon juna, irin NanoStation na Ubiquiti ko CPE na TP-Link. Ɗaya a saman gida, ɗaya a saman shago, sai su zama kamar kebul mai tsawo a iska, ba kuɗin data a tsakaninsu. Sharaɗin shi ne su ga juna ido da ido. Bishiyar darbejiya ɗaya a tsakani, in ta yi ganye da damina, ta isa ta raunana haɗin, don haka a ɗaga sandar sama da ita tun farko.

Adireshi

Shiga Réseau, sashen TCP/IP, ka kunna DHCP, ka adana. Rauta za ta ba akwatin adireshi irin 192.168.1.23 ko 192.168.8.105, gwargwadon irinta. Rubuta shi, tare da Passerelle, wato adireshin rautar kanta. Daga nan kashe DHCP ka mayar da adireshin na dindindin, ka zaɓi lambar ƙarshe can sama, kamar 200, inda wayoyin gida ba za su yi karo da ita ba. Lambobi ukun farko dole su zama iri ɗaya da na rauta. Na'urorin Dahua sukan zo da 192.168.1.108, na Hikvision da yawa da 192.168.1.64, in rautarka kuma tana kan 192.168.8.1 ba za su ga juna ba sai an gyara. A gurbin DNS, wanda ke taimaka wa akwatin gano adireshin shafuka a intanet, sa adireshin rauta ko 8.8.8.8. DNS da aka bari fanko shi ne dalilin da ya fi yawa na akwatin da ke cewa Hors ligne, wato ba ya kan layi, alhali kebul lafiya yake. Yanzu kunna NTP, ka sa pool.ntp.org, agogo ya riƙa gyara kansa.

In kana da kwamfuta, manhajar SADP ta Hikvision ko ConfigTool ta Dahua tana gano akwatin a cikin gida ko da adireshinsa ya saɓa. Don kallo a babban allo akwai iVMS-4200 da SmartPSS.

Tsofaffin masu gyara za su ce maka a buɗe kafofin shiga daga waje a cikin saitin rauta, masu lamba 80 da 8000 da 554 ga Hikvision, 37777 ga Dahua. A kan layin SIM wannan galibi ba ya aiki, domin kamfanin waya yana tara masu layi da yawa a bayan adireshi guda, babu hanyar da za a ƙwanƙwasa maka daga waje. Inda yake aiki ma, buɗe ƙofar gida ne ga duk mai yawo a intanet. Bar shi, ka kuma kashe UPnP, saitin da ke buɗe kafofin nan da kansa, a akwatin da rauta.

Sa shi a waya

Hanyar da ta dace da mu ita ce wadda akwatin da kansa ke kiran saba, wato babbar kwamfutar kamfaninsa, wayarka ma ta kira can, a haɗa ku. A Hikvision sunanta Hik-Connect, tana cikin Réseau ƙarƙashin Accès à la plateforme. A Dahua P2P ce, manhajar wayar kuma DMSS. Kunna, ka sa lambar tabbatarwa in an nema, ka jira yanayin ya koma En ligne. Sauke manhajar a waya, buɗe asusu, danna alamar ƙari, ka ɗauki hoton lambar QR da ke allo ko a ƙarƙashin akwatin.

Asusun nan ya zama na mai gida, da lambarsa ko imel ɗinsa, a wayarsa. Na nanata wannan domin na'ura asusu ɗaya take ɗaurewa da shi. Na ga gidaje da mai kafawa ya ɗaure akwatin da asusunsa don sauri, ya raba wa mai gida kallo, bayan shekara ya koma Yawunde ko ya canza layi. Mai gida ya sayi sabuwar waya ya rasa hanyar shiga kayansa, shi kuwa wancan har yanzu yana iya leƙa tsakar gidan mutane. Mai gida shi ne zai raba wa uwargida ko ɗansa ko abokin kasuwancinsa ta wurin Partager, ya zaɓi kamarorin da kowa zai gani, ya janye ranar da ya ga dama.

Sai gwaji na gaskiya: kashe wifi a wayar, kunna datar layinka, ka buɗe. In hoto ya zo, an haɗu.

Data kuma tana da lissafi. Kowace kamara na fitar da hoto iri biyu, babba da ake ajiyewa a faifai, da ƙarami don waya. A manhaja ana kiransu HD da SD ko Fluide. Ƙaramin a kilobit 512 yana cin kusan megabait 230 a awa, babban a megabit 2 yana cin kusan 900. Kuma sau biyu ake biya, layin rauta yana turawa, layin wayarka yana saukewa. Bar shi a ƙarami, sai kana son gane fuska ka ɗaga. Rage ƙaramin zuwa kilobit 256 in rezo ɗin unguwarku mai rauni ne.

Naɗi da faɗakarwa

Kamarar ƙofar shiga da ta wurin kuɗi su naɗa ba tsayawa. Na bayan gini da sito a sa su naɗa in an yi motsi, a ba su daƙiƙa 5 kafin motsin da 30 bayansa. A zana yankin da ake so a allo, a cire titi da rassan bishiya. In ba haka ba, kowane babur da kowace akuya sai wayarka ta yi ƙara, cikin kwana uku ka gaji ka kashe faɗakarwar gaba ɗaya. Sababbin akwatuna suna iya bambance mutum da mota daga sauran motsi, Hikvision na kiran abin AcuSense, Dahua kuma SMD. Ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Da dare ƙwari na taruwa a fitilar kamara, gizo-gizo ya bi su ya yi saƙa a gaban gilashi, hoto ya zama fari fat. Tsintsiya mai dogon hannu sau ɗaya a mako tana maganin wannan. A sashen Exception, bar ƙarar gargaɗin faifai a kunne, ka ƙara da ta ɗaukewar hoto.

Kamara ta tsaya a ƙofa, zaure, garejin mota da katanga. Kada ta kalli cikin gida inda mata ke harkokinsu, ko banɗaki, ko tsakar gidan maƙwabci. In kusurwarta ta ɗauko wani yanki na gidan wani, akwai Masque de confidentialité da ke rufe wurin da baƙin murabba'i. Haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma dokar Kamaru ta 2010 kan tsaron intanet da laifuffukansa ta hana ɗauka da yaɗa abin da ya shafi sirrin mutum ba da izininsa ba. Bidiyon wanda kake zargi ka kai wa hukuma, kada ka watsa a WhatsApp.

Ciro bidiyo

Washegari, ba ranar da aka kafa ba, mai gida ya zauna gaban allo da linzami a hannunsa. Ya shiga Lecture, ya zaɓi kamara da ranar jiya, ya ja layin lokaci zuwa ƙarfe 2 na dare ya ga ko ana gane fuskar mutum a bakin ƙofa. In fuska ta yi fari saboda hasken kamara, ko ta yi nisa, a sauko da kamarar ko a juya ta yanzu. Sai ya soka kile USB da aka shirya a FAT32, ya shiga Exporter ko Sauvegarde, ya sa lokacin farawa da na ƙarewa, ya zaɓi MP4 in akwai. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, don haka a ciro gajeru, minti goma ko ashirin. In na'urar ta ba da damar haɗawa da manhajar kunna bidiyonta, a haɗa, domin wasu fayilolin ba sa buɗuwa a ko'ina sai da ita. A gwada a kwamfuta da manhajar kunna bidiyo ta VLC.

Ranar da wani abu ya faru, a ciro bidiyon a ranar, kwafi biyu, kafin sabon naɗi ya hau kansa. Ɗaya a kai komisariya ko wurin jandarma, ɗaya ya zauna a gida. Kowace Juma'a kuma, kafin a rufe shago a tafi masallaci, a buɗe Lecture a duba daren jiya na minti ɗaya, a kalli agogon da ke kusurwar allo a gwada shi da na waya.